Ma'aunin Fim a Ƙasar Hausa: Daga Shaihu Umar zuwa Amina

Tudun Wada ta Zariya unguwa ce da aka kafa a zamanin Turawa tsakanin Birni da Sabon Gari, domin saukar 'yan Arewa waɗanda aiki ko ciniki ko neman ilmi ya kawo su Zazzau. Saboda haka ta daɗe da haɗa malamin zaure da akawu da ɗalibin Kongo wuri guda, ko wannensu kuwa da irin idon da yake kallon fim da shi. Amma in aka kasa kunne ga gardamar da akan yi a kan fina-finai a irin wannan wuri, sai a tarar kusan tambaya ɗaya ce take ta dawowa, watau: shin abin da aka nuna al'adar Bahaushe ce ko kuwa ba ita ba ce? Tambayar tana da nauyi ƙwarai. Sai dai ita kaɗai ba ta isa ta zama ma'auni ba, tarihin fim a ƙasar nan kuwa ya nuna dalili.

Asalin wannan tambaya yana komawa ga majigi. Hoto mai motsi ya fara isa ga yawancin talakawan Arewa ne a cikin motar gwamnati, wadda takan tsaya a ƙofar fada ko a filin kasuwa bayan magariba, a kafa farin ƙyalle, wani ma'aikaci yana fassara da babbar murya. Abin da akan nuna shi ne tsabta da allurar rigakafi da noman zamani, kamar fim ɗin Baban Larai na shekarun 1950, wanda aka shirya don jawo hankalin manoma ga noman auduga. Tun daga nan jama'a suka saba da cewa fim na Hausa makaranta ce, dole a fito da darasi a hannu. Nishaɗi kuwa aka bar wa gidajen silima, waɗanda akasari a wajen ganuwa aka gina su, mutanen kirki da dama kuma suna ƙyamar a gan su a bakin ƙofarsu.

Fim ɗin da masana suka fi ɗauka a matsayin zakaran gwajin dafi shi ne Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya ba da umurninsa a 1976. Zariya tana da hannu a cikinsa sau biyu. A nan ne Hukumar Fassara, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar 1933 wadda ta haifar da littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. A nan ne kuma, a Jami'ar Ahmadu Bello, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da littafin wasan kwaikwayo, sa'an nan Umaru Ladan ɗin ya fito a fim ɗin. Labarin sananne ne ga duk wanda ya yi makaranta a Arewa: wani shaihin malami yana ba almajiransa labarin yadda aka sace shi yana yaro, aka ƙetare Sahara da shi zuwa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya riƙe shi kamar ɗa, ya ba shi ilmi; mahaifiyarsa kuwa ta bazama nemansa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi.

Masu yabon fim ɗin sukan tsaya a kan tufafi da gine-gine da ladabin magana, su ce ga Bahaushe na ainihi. Haka ne, amma ba nan ƙarfinsa yake ba. Ƙarfinsa shi ne bai ɓoye ba cewa masu kai harin bayi da masu kitsa sharri a fada 'yan gida ne, ba baƙi ba, kuma wahalar ta fi sauka a kan mace da yaro. Da za a bi ma'aunin kare martabar al'ada sau da ƙafa, da wannan fim shi ne na farko da za a tuhuma. Akwai kuma matsalar da ba a cika tattaunawa ba. A littafi, Shaihu ne yake magana da bakinsa, natsuwarsa da tawakkalinsa su ne suke sanyaya mugun abin da yake bayarwa. Na'urar ɗaukar hoto kuwa ba ta da tawakkali. Abin da aka ajiye a gabanta shi take nunawa. Don haka tafiyar hawainiyar da wasu 'yan kallo suke kuka da ita a fim ɗin, wanda ya haura awa biyu, ana iya fahimtarta a matsayin ƙoƙarin mayar da wannan natsuwa cikin hoto. Ko an dace ko ba a dace ba, wannan ita ce gardamar da ta cancanci fim ɗin.

Abin takaici shi ne an yi shekaru masu yawa ana yabonsa ba tare da ana ganinsa ba. Bayan bikin FESTAC na 1977 sai ya ɓace daga idon jama'a, har aka ɗauka ya salwanta. Sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin Balin a 2018.

A tsawon wannan lokaci abin da jama'a suke kallo daban ne. Fina-finan Indiya, irin su Mother India na 1957 da Sholay na 1975, sun zauna a zukatan Hausawa har aka laƙaba wa 'yan wasansu sunayen Hausa. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya bayyana cewa 'yan kallo sun ga rayuwa mai kama da tasu a ciki: kunya tsakanin saurayi da budurwa, ikon iyaye a kan aure, da ja-in-ja tsakanin gargajiya da zamani. Da fim ɗin bidiyo ya kunno kai a Kano da Turmin Danya a 1990, ba a jima ba ya bi wannan sawu. Abdalla Uba Adamu ya ƙididdige alamomi uku da aka aro, watau soyayyar mutum uku, da auren dole, da rawa da waƙa. Sangaya, wanda ya fito daf da shekara ta 2000, labarin ɗan sarki ne da ya so baiwar gidansu, shi ne kuma ya tabbatar wa 'yan kasuwa cewa waƙa ita ke sayar da kaset.

Nan fa suka ta yi yawa, daga mumbari har shafukan mujallar Fim wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, aka kuma kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001. Kusan duk maganar a kan tarbiyya ta tsaya. Ba safai aka tambayi abin da waƙar take yi a cikin labarin ba. Alhali kuwa a al'ummar da ba a yarda saurayi ya taɓa budurwa a gaban jama'a ba, waƙa ita ce kafar da ta rage a faɗi abin da ke zuci. Aibin yawancin waɗannan fina-finai yana wani wuri dabam: akan tsara waƙa tukuna, sa'an nan a nemo labarin da za a rataya mata, har a cire waƙar labarin bai san an yi ba. Wannan aibi ne na gini, kuma mai sharhin da bai iya ganinsa ba ba zai iya raba fim mai kyau da maras kyau ba in duka biyun suna da rawa.

Zazzagawa sun ɗanɗana ɗaya gefen matsalar a 2021, sa'ad da Netflix ta saki Amina, na Izu Ojukwu, a kan Sarauniya Amina. Kuɗi sun shiga, hoto ya fito tas, an kuma tsara fagen yaƙi da ƙwarewa. Duk da haka 'yan kallo da yawa a Arewa suka ƙi shi, saboda yawancin maganar da Turanci aka yi, tufafi da zubin fada kuma ba su yi kama da Zazzau ba. A nan tambayar al'ada ta yi aikinta daidai, domin fim ɗin da ya ɗauki sunan wadda ake danganta ganuwa da ita ya ɗauki alkawari ga masu ganuwar. Amma ko a nan ma ya kamata a bambance kuskuren tarihi da zaɓin mai fasaha, tun da yake abin da aka sani game da Amina kaɗan ne, mafi yawansa daga Tarihin Kano da Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kuma bakin maroƙa ya zo, ko zamanin da ta rayu ma masana ba su daidaita a kansa ba.

Harshe kuwa ya zama abin lissafi har a ƙetare. A 2019 masu gasar Oscar ta Amurka suka ƙi karɓar Lionheart a rukunin fina-finan ƙasashen waje saboda Turanci ya yi masa yawa. Fim ɗin da Nijeriya ta aika a shekarar da ta biyo baya, The Milkmaid, yawancinsa da Hausa ne, haka kuma Mai Martaba wanda aka ɗauka a Daura aka aika a 2024.