Gurasa Mai Dabino da Kayan Ƙanshi

Gurasa abincin alkama ce wadda a ke gasawa cikin tanderu. Sunanta daga Larabci ya fito. A Daura da sauran garuruwan Hausa an fi cin ta da garin ƙuliƙuli da man gyaɗa, ko da miya, ko da tsire. Amma a ƙasashe da yawa a kan zuba wa irin wannan kwaɓi busassun 'ya'yan itace da kayan ƙanshi. Mutanen Ingila zabibi da kirfa su ke sa wa nasu burodin. Uwargida a Daura kuwa ba sai ta nemi zabibi ba, gama ga dabino nan a kasuwa.

Kayan haɗin daga wurare dabam dabam su ke. Alkama sai da sanyi ta ke yi, saboda haka da hunturu a ke noma ta, ta hanyar ban ruwa. Dabino mai yawa daga arewa ya ke shigowa, wajen Agadas da Bilma, ya biyo ta kasuwannin kan iyaka irin ta Mai'aduwa. Citta daga kudancin Kaduna, kanumfari kuwa Zanzibar ce ta yi suna da shi.

Ga mudu 1 na garin alkama, dabino 20 ya isa. A cire ƙwallon, a yayyanka ƙanana. A daka citta da kanumfari kaɗan, a tankaɗe cikin garin, a sa ɗan gishiri da sukari da yisti babban cokali 1, sa'an nan a kwaɓa da ruwa mai ɗumi.

A nan ne aikin ya kan lalace. Yisti ba magani ba ne, abu ne mai rai, ƙanƙane ƙwarai, ido ba ya ganin ƙwayarsa guda. A 1857 wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, ya fara bayyana cewa irin waɗannan ƙananan halittu su ke sa abu ya yi tsami ko ya kumbura. Yisti ya kan ci sukari ya fitar da iska, iskar ta maƙale cikin kwaɓin, shi ne ya ke tashi. In ruwan ya yi zafi har yatsa bai iya jurewa, yistin ya mutu ke nan, an yi hasarar gari da dabino duka. Kanumfari ma in ya yi yawa ya kan rage masa ƙarfi. Don haka mai garaje ba ta yin gurasa mai kyau. A rufe ƙwaryar, a ajiye wuri mai ɗumi, har kwaɓin ya ninka. Da hunturu ya kan daɗe bai tashi ba.

Tanderu kamar randa ya ke. A kan hura wutar kara a cikinsa, sai harshen wuta ya mutu, garwashi ya rage. Sa'an nan uwargida ta jiƙa hannu, ta ɗebo kwaɓi, ta faɗaɗa shi, ta manna a jikin tanderun daga ciki. Wajibi ne ta tura dabinon can tsakiyar kwaɓin, domin wanda ya leƙo waje zaƙinsa ya kan sa ya ƙone, ya yi ɗaci. Kada kuma curin ya yi nauyi, don kada ya sulluɓe ya faɗa toka.

In bayanta ya yi ja, ƙanshi ya cika tsakar gida, ta gasu. Sai a ɓamɓaro ta da wuƙa, a rufe da ƙyalle mai tsabta don kada ta bushe kafin a kawo shayi.