YUMƁU DA ƘWARYA NA RAGE ZAFIN RASHI A YOLA DA JIMETA

Duk baƙon da ya sauka a tashar mota ta Jambutu a Jimeta yau, ya ga yadda kasuwa ke ci, masu Keke Napep na ta kai da kawowa, ba zai taɓa cewa garin nan ya ga abin da ya gani ba. Amma 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal, musamman 'yan asalin Mubi da Michika da Madagali, sun san labarin sarai, don kuwa da yawansu tashin hankalin ne ya kawo su Kurmi, waɗansu kuma har yanzu su ke ɗauke da nauyin iyalan da suka tsira.

Daga watan Agusta zuwa watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka kama Madagali da Michika, sa'an nan Mubi, gari na biyu a girma a Jihar Adamawa. Mutane dubu ɗaruruwa suka kwararo Yola da Jimeta, waɗansu a mota, waɗansu a ƙasa ta cikin daji da duwatsu. Kaɗan ne daga cikinsu suka zauna a sansanonin gwamnati na Damare da Malkohi da Fufore. Mafi yawa gidajen dangi da na mutanen kirki suka shiga, waɗansu kuma suka fake a harabar babban cocin Katolika na Santa Teresa da ke Jimeta, inda Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe musu ƙofa ba tare da tambayar addinin kowa ba.

Ko a nan ɗin ma masifar ba ta ƙyale su ba. A cikin 2015 kaɗai bam ya tashi a kasuwar Jimeta ran 4 ga Yuni, da sansanin Malkohi ran 11 ga Satumba, da wani sabon masallacin Juma'a a Jambutu ran 23 ga Oktoba, sa'an nan ran 17 ga Nuwamba wani ya tashi kusa da kasuwar 'yan gwari, ya hallaka mutum fiye da 30. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

CIWON DA BA SHI DA JINI

An ciyar da 'yan gudun hijira, an ba su barguna da magani. Har ma a watan Afrilu na 2021 cocin Katolika ya buɗe musu rukunin gidaje 86 a Sangere-Marghi, da makaranta da coci da masallaci. To, amma akwai wani ciwo wanda buhun masara ba ya warkarwa. A cikin 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da aka yi yaƙi, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kamar matsananciyar damuwa ko firgici.

Alamunsa sanannu ne. Mutum ya kasa barci, in ya runtsa sai mugun mafarki. Ƙarar fashewar taya ta sa shi kwanciya a ƙasa. Uwa ta zauna shiru yini guda, abinci ya ƙone a gabanta ba ta sani ba. Yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi. Abin da ya fi tsananta shi ne, da yawa ba su ga gawar nasu ba. A al'adarmu ana wanka da jana'iza, a zauna makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, matar mamaci ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, zuciya ta sami wurin sauka. Matar da mijinta ya ɓace a hanyar Gulak, ba kabari, ba labari, ina za ta ajiye nata kukan?

Likitocin ƙwaƙwalwa sun lura cewa irin wannan abu ba ya dawo wa mutum a tsare kamar labari. Yakan dawo ne gutsi-gutsi, hoto ko ƙara ko wari, jiki ya ɗauki rawa, baki kuwa ya ƙi buɗewa. Shi ya sa in aka ce wa mai irin wannan ciwo ya faɗi abin da ke damunsa, sau da yawa sai ya sunkuyar da kai kawai. A nan ne aikin hannu ke shigowa.

KAKANNI SUN RIGA LIKITA

Kada mai karatu ya ɗauka wannan sabon abu ne da Turawa suka kawo. Ƙasar Adamawa ta daɗe da sanin cewa yumɓu na iya ɗaukar abin da zuciya ta gaza ɗauka. A wajen Lunguda na ƙasar Guyuk da maƙwabtansu Cham da Mwana, a zamanin da, in ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a gina wata 'yar tukunya mai siffar ciwon, a shafi jikin majinyaci da ɗanyen yumɓu a haɗa cikin ginin, a gasa ta, da nufin cutar ta bar jikin mutum ta koma cikin tukunyar. Su kuwa Yungur na ƙasar Song, in wani babba ya rasu, akan gina tukunya mai kai da fuska don tunawa da shi, a ajiye ta tare da na magabatansa.

Wata Ba'amurkiya mai bincike, Marla Berns, ta zauna a wannan yanki a farkon shekarun 1980, lokacin ana kiransa Jihar Gongola, ta rubuta abin da ta gani. A cikin 2011 aka baje kolin irin waɗannan tukwane a gidan tarihi na Fowler da ke Los Anjalis, daga baya aka kai su Washinton da Faris. Yau jikokin maginan nan Musulmi ne da Kirista, galibi sun bar tsafin da ke tattare da abin, kuma ba wanda ke cewa a koma masa. Hikimar da ta rage ita ce: ciwon da aka fitar, aka ba shi siffa, aka ajiye shi a gaba ana kallo, ya fi sauƙin ɗauka bisa wanda ke ƙunshe a ƙirji.

Haka kuma zanen ƙwarya, wanda matan Fulani da Bata da Yungur suka shahara da shi, har wani Bature mai suna Chappel ya wallafa littafi a kansa a 1977 bayan ya yi bincike a ƙasar Yola. Mace takan sa wuƙa a wuta, ta bi bayan ƙwarya da ita layi bayan layi, 'yan'uwanta na gefe ana hira. Aiki ne mai son natsuwa, wanda hannu ba ya yinsa in hankali ya tafi wani wuri.

YADDA ASIBITI YA KARƁI ABIN

A Ingila, wani mai zane da ake kira Adrian Hill ya kwanta jiyyar tarin fuka, ya ga zane na rage masa zafin zaman asibiti, ya shiga koya wa sauran majinyata. Shi ne a 1942 ya raɗa wa abin sunan jiyya ta hanyar zane. A Jamus kuwa, Käthe Kollwitz ta rasa ɗanta Peter a yaƙin duniya na farko a 1914. Shekara 18 ta yi tana fama da aikin tunawa da shi, sai a 1932 aka kafa siffar uwa da uba durƙushe cikin baƙin ciki, wadda ke maƙabartar sojojin Jamus a ƙasar Beljiyam.

Nan Kurmi ma akwai tarihin abin. A farkon shekarun 1950 Ulli Beier ya riƙa kai wa masu taɓin hankali na gidan Lantoro a Abekuta takarda da fenti, sai ga waɗansunsu sun fito da zane mai ban mamaki. A garin ne kuma Likita Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a 1954, inda majinyaci ke zama cikin jama'a tare da danginsa, yana taɓa aiki, maimakon a kulle shi.

Amfanin abin a fili ya ke. Na farko, aikin da ake maimaitawa, kamar murɗa yumɓu ko saƙa ko ɗinkin hula, yana kwantar da numfashi da bugun zuciya. Na biyu, wanda idonsa ke kan aiki ya fi samun bakin magana bisa wanda aka tsare da ido ana yi masa tambaya. Na uku, mutumin da aka rushe masa gida da gona yakan ji ba ya iya kome, to ranar da ya ga tukunya ta fito daga wuta ba ta fashe ba, ya san hannunsa na da sauran amfani. Na huɗu, ana yin aikin cikin jama'a, kaɗaici kuwa shi ne abincin baƙin ciki.

Yara su suka fi nuna wannan. A watan Afrilu na 2015 Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da rahoton cewa yara kimanin 800,000 rikicin ya raba da gidajensu, ya kuma buga zanen da waɗansunsu suka yi: bindigogi, gidaje na ci da wuta, mutane kwance. Abin da bakinsu ya kasa faɗa, fensir ya faɗa.

A Yola, Jami'ar Amurka ta Nijeriya, wadda ta haɗu da malaman Musulunci da na Kirista ta kafa ƙungiyar zaman lafiya ta Adamawa a 2012, ta koya wa mata yadda za su wanke ledar da aka yar, su yanka ta zare-zare, su saƙa jakunkuna da tabarmi da kwarashi. An fara shirin ne don tsabtace gari da samar wa mata abin sayen gishiri, amma wanda ya san zaman makoki ya san darajar wurin da mace za ta fita ta zauna da 'yan'uwanta mata, hannu na aiki, baki na hira.

KAWUNA 108 A IKKO

Babban misali na sassaƙa ya faru ne a nan Kurmi, ko da ya ke tushensa na Arewa maso Gabas. Ran 14 ga Afrilu 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok. Guda 57 suka kuɓuta tun a farko, aka sako 21 a watan Oktoba na 2016, da 82 a watan Mayu na 2017. Fiye da 100 daga cikin waɗanda suka dawo an kai su karatu jami'ar nan ta Yola a 2017.

Saura fa? A cikin 2022 wata mai sassaƙa 'yar Faransa, Prune Nourry, ta haɗa kai da sashen zane na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Iyayen yaran suka ba da hotunan 'ya'yansu, aka samo yumɓu na ƙasar Ife, mata magina tukwane daga Ilori suka sa hannu, ɗalibai 108 suka zauna kowa ya gyara fuska guda, bisa salon tsofaffin kawunan Ife da duniya ta sani. Aka sami kawuna 108, adadin 'yan matan da ba su dawo ba a lokacin. A watan Nuwamba na shekarar aka baje su a Ikko da sunan Statues Also Breathe, watau mutum-mutumi ma yana numfashi.

Kawunan yumɓu ba su dawo da ko yarinya ɗaya ba. Abin da suka yi shi ne, sun nuna wa iyayen cewa ba a manta ba, sun kuma sa ɗan Yarabawa da bai taɓa taka Borno ba ya yini yana duban fuskar 'yar wani. Ga mai baƙin ciki, sanin cewa wani ya ɗauki ciwonsa da muhimmanci rabin magani ne.

TO, INA BATUN ADDINI?

Dole mai karatu Musulmi ya yi wannan tambaya, kuma tana bisa hanya. Malamai sun yi hani ga sassaƙa siffar abu mai rai, don toshe ƙofar bautar gumaka. Amma amfanin da ake magana a kai bai rataya ga siffar mutum ba. Ginin tulu da randa da kasko, zanen ƙwarya, saƙar faifai da tabarma, ɗinkin hula da aikin wuyan riga, dukanci, sassaƙar turmi da kujera, zayyanar allo da adon bangon soro, duk fili ne mai faɗi wanda ba gardama a kansa. Kuma neman sauƙin baƙin ciki ba rashin tawakkali ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu.

ABIN DA ƊAN KURMI ZAI IYA YI

Mai gadi a Ikoyi, da ɗan acaɓa a Agege, da mai sayar da tumatir a Mile 12, kowa na aika kuɗin abinci gida in wata ya yi. Yana da kyau a cikin abin da ake aikawa a ware ɗan wani abu na zare da allura, ko ƙwarya, ko littafin zane da fensir mai launi na yara. In an buga waya, bayan gaisuwa a tambayi Inna ko Goggo me ta saƙa a makon nan, a ce ta ajiye guda za a saya. Yaron da ya zana bindiga da wuta kada a tsawata masa ko a yaga takardar. A tambaye shi a hankali su wane ne a ciki, in ya yi shiru a ƙyale shi.

Amma fa a san iyakar abin. Aikin hannu mataimaki ne, ba ya maye gurbin likita. Wanda ya daina ci da barci, ko ya ke jin muryoyi, ko ya faɗa shan ƙwaya, ko ya fara maganar ya gaji da duniya, a gaggauta kai shi asibiti. A Yola akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da Asibitin Ƙwararru na Jimeta, a Maiduguri akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya. Mazauna Kurmi kuwa ga na Yaba a Ikko, ga na Aro a Abekuta. Ba abin kunya ba ne, ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma tun watan Janairu na 2023 ƙasar nan ta sami sabuwar doka mai kare haƙƙin masu wannan larura.

Shi kansa ɗan ci-ranin kada ya manta da kansa. Akwai samari da yawa a Sabo da Idi-Araba da Alaba Rago waɗanda suka tsallake gawa kafin su iso nan, ba su taɓa gaya wa kowa ba. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin gari za su yi babban taimako in suka samar da rumfa guda inda masu ɗinkin hula da dukawa za su riƙa koya wa irin waɗannan samari sana'a da yamma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.