Ƙwayar barci ba ta san abin da ya hana ka barci ba

A kemis ɗin unguwa ba sai mutum ya yi dogon bayani ba. Da ya ce barci ya ƙaurace masa, sai a miƙo masa ƙwaya biyu ko huɗu a ƙulle cikin 'yar leda, sau tari ko sunanta ba zai gani ba. Yawanci diazepam ce, wadda matasa ke kira D5, ko Lexotan, ko Piriton idan mai kemis ɗin yana da ɗan tsoron Allah. Daren nan kam za a yi barci. Rigimar tana darare masu zuwa.

Diazepam da Lexotan 'yan gida ɗaya ne, aikinsu lafar da ƙwaƙwalwa. Magunguna ne na ƙwarai a hannun likita, da diazepam ma ake tsayar da jijjiga a asibiti. Amma ga mai rashin barci, ƙa'ida ita ce 'yan kwanaki, in an daɗe mako 2 zuwa 4. Dalili shi ne jiki yana sabawa. Ƙwaya ɗaya da ta kwantar da mutum a makon farko sai ta daina yi masa aiki, ya koma biyu. Ranar da bai sha ba kuwa, idonsa ya bushe fiye da kafin ya fara. Sai ya ɗauka ciwon ne ya ƙaru, alhali ƙwayar ce ke neman a biya ta. Da yawa daga masu wannan hali ba 'yan shaye-shaye ba ne yadda muka saba kallonsu: magidanta ne, da matan aure, da dattawan da aka rubuta wa maganin lokacin wani rashi, suka ci gaba da saye da kansu shekara da shekaru.

Wanda ya kai nan kada ya yi zuciya ya yanke ƙwayar dare ɗaya. Dainawa farat ɗaya bayan dogon sha tana kawo rawar jiki, gumi, faɗuwar gaba, har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Likita ne ke rage ta kaɗan-kaɗan, cikin makonni ko watanni.

Diazepam tana jimawa a jiki, ba ta ƙarewa da fitowar rana. Direban da ya sha da dare yana hawa titi da sauranta a kansa, haka mai adaidaita sahu da mai aiki da inji. Tsofaffi sun fi kowa shan wahala. Dattijo ya tashi fitsarin dare ko alwalar Asuba, jiri ya kwashe shi, ƙashin ƙugu ya karye. Wani kuma ya riƙa mantuwa da sambatu, 'ya'ya su ce gigin tsufa ne, babu wanda ya leƙa ƙarƙashin matashinsa.

Abin da ke kisa shi ne haɗi. Ƙwayar barci tare da tiramadol, ko kodin, ko giya, kowannensu yana rage ƙarfin numfashi, in suka taru sai numfashin ya yi ta ja baya har ya tsaya. Tun 2016 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa a buga gargaɗi mafi tsanani kan wannan haɗin. A Najeriya gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, amma kowa ya san bai ɓace daga hannun mutane ba. Idan an ga wanda ya sha irin waɗannan yana wani nannauyan minshari, ana girgiza shi ba ya farkawa, numfashi sama-sama, leɓe da harshe sun sauya launi, wannan ba barci ba ne. A kwantar da shi ta gefensa, a nufi asibiti. Kada a ɗura masa madara ko manja, huhu za su wuce.

Akwai wata ɗabi'a da ta fi duk waɗannan damuna, domin wanda ake cutarwa ba shi da bakin magana. Uwa tana da aiki, ko za ta gidan biki, yaro yana rigima, sai a ɗiga masa Piriton ko Phenergan don ya yi shiru. Phenergan an hana ba yaron da bai kai shekara 2 ba, saboda yana iya tsayar masa da numfashi. Ban da haka, kukan dare saƙo ne: yunwa, ciwon kunne, zazzaɓi. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya fara taɓa wa ƙwaƙwalwa, yawan barci da kasa farkawa ne alamar da za ta sa a ruga da shi asibiti. In an riga an ba shi magani, sai a ce ai maganin ne ke aiki, a bar shi.

Ko ga babba, Piriton maganin mura da ƙaiƙayi ne. Yana busar da baki, yana iya riƙe fitsarin dattijon da mafitsara ke ba shi matsala. Melatonin da ake tallatawa yanzu a intanet a matsayin maganin barci ya fi sauƙin haɗari, sai dai ba kullum abin da ke rubuce a kwalba ke ciki ba: a 2023 masu bincike a Amurka sun auna iri 25 na mai kama da alawa, 22 ba su dace da rubutun jikinsu ba. In haka ta faru a can, ina ga jiƙon da ake sayarwa a tasha cikin gorar ruwa?

To me ke hana barcin? Sau da yawa amsar tana cikin kofi da aljihu. Goro, shayi, Nescafe da lemon ƙarin kuzari duk suna da sinadarin kafeyin, wanda rabinsa ke nan a jini bayan kamar awa 5. Wanda ya zauna teburin mai shayi ƙarfe 9 na dare, ko ya kai zagaye na uku na shayin fada a Damagaram ko Maraɗi, ƙarfe 2 yana nan da rabin abin da ya sha. Ga sigari, ga waya da ake latsawa a kan gado, ga zafin bazara da sauro.

Wani kuma ciwo ne ke tashinsa. Yawan fitsarin dare na iya zama suga. Ƙwannafi, asma da ciwon gaɓoɓi duk suna tsananta da dare. Mai ƙiba da ke minshari, numfashinsa ya ɗauke ya dawo da shaƙewa, ya wuni yana gyangyaɗi, iyalinsa ce za ta fara lura. Wannan yana da alaƙa da hawan jini, kuma ƙwayar barci ƙara masa take yi. Sannan ga tunani: bashi, kuɗin makaranta, rashin tsaro. Wanda ke farkawa tun tsakar dare da ƙunci a ƙirji, abinci ya fita ransa, komai ya daina yi masa daɗi, ciwon damuwa ne mai magani, ba raunin imani ba.

Tun 2016 babbar ƙungiyar likitocin manya ta Amurka ta ce gyaran ɗabi'a da tunani ne matakin farko ga rashin barci mai daɗewa, kafin kowace ƙwaya. Ginshiƙinsa tashi a lokaci ɗaya kullum, ko daren ya yi kyau ko bai yi ba. Mu Asuba ta riga ta ba mu wannan kyauta. Mu ne ke ɓata ta da ramuwar barci har hantsi. Ƙailula ta tsaya a minti 20 zuwa 30, kafin La'asar. Kada a hau gado sai an ji barci. In aka yi kamar minti 20 ana juyi, a sauko, a zauna a tabarma cikin haske kaɗan, a ja carbi ko a yi tilawa, sai ido ya yi nauyi a koma. Kada a riƙa duba agogo ana lissafin awa nawa ta rage. Makon farko da wuya, har mutum ya ji kamar ya fi da wahala, amma abin da aka samu ta nan yana ɗorewa.

Idan abin ya kai dare 3 a mako har wata 3, lokacin ganin likita ya yi. Mutum uku kuwa ba sa jira: mai tunanin kashe kansa, wanda ya kwana da yawa bai runtsa ba amma yana ta surutu babu gajiya, da maijegon da barci ya gagare ta ko jariri ya yi shiru, ta fara maganganun da ba a gane ba. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, da Dawanau a Kano suna duba irin wannan kullum, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. In za a je, a tafi da duk abin da ake sha, har na kemis da na gargajiya, a gaya wa likita gaskiyar ƙwaya nawa ake haɗiya a dare.