Tukwanen Ladi Kwali Suna Landan, Iliminsu Yana Suleja

Duk wanda ya taɓa juya takardar naira 20 ya ga Ladi Kwali tana ginin tukunya. Amma ɗalibin Suleja da ke son ganin aikin hannunta da idonsa yana da jan aiki a gabansa, domin da dama daga cikin fitattun tulunanta suna gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan, wasu a Smithsonian da ke Washington, wasu kuma a Jami'ar Aberystwyth ta ƙasar Wales. A Suleja aka gina su, a Suleja aka gasa su, amma sai da biza ake ganinsu. Fasahar zamani tana iya rage wannan tazara, in har mutanen garin ne suka riƙe ragamar aikin.

Suleja gari ne mai tarihin da ya cancanci a tsaya a kansa. Bayan jihadi ya fitar da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Da gwamnatin tarayya ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai sunan ya koma can, tsohon garin kuma ya zama Suleja don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi mulki daga 1944 zuwa 1979. A fadar wannan sarki ne Bature Michael Cardew ya ga tukwanen Ladi Kwali. A farkon shekarun 1950 ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a garin, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Ta ci gaba da gina tulu da hannu irin na matan Gbagyi, tana zana masa kunama da ƙadangare da hawainiya da kifi, sannan a shafa masa sinadarin ƙyalli a gasa shi da wuta mai tsanani. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984.

To, me na'ura za ta yi wa tulu? Akwai dabarar da masu adana kayan tarihi ke amfani da ita yanzu. Ana ajiye tulun a wuri mai haske daidai, a kewaye shi ana ɗaukar hotuna masu yawa, daga sama, daga gefe, daga ƙasa, kowane hoto yana haɗa wani ɓangare da wanda ya gabace shi. Sai manhajar kwamfuta ta nemo wuraren da suka yi tarayya a hotunan, ta lissafa nisansu, ta fitar da siffar tulun mai tsawo da faɗi da zurfi. Mai kallo yana iya juya shi a allon waya, ya matso da zanen har ya ga inda tsinke ya karce yumɓu. Yana iya kifa shi ya duba tambarin cibiyar, wato sunan Abuja da haruffan Larabci, tare da alamar maginin. Irin wannan tambari ne ke taimaka wa mai bincike ya bambance aikin Ladi da na abokan aikinta kamar Halima Audu da Asibi Ido. Kyamara mai kyau da haƙuri sun isa a fara.

An riga an gwada tattara bayanan kayan tarihin ƙasar nan da suka watsu a rumbu guda. A Nuwamban 2022 aka buɗe rumbun intanet na Digital Benin, wanda ya haɗa bayanan kayayyakin masarautar Benin 5,246 da ke warwatse a cibiyoyi 131 cikin ƙasashe 20. Abin koyi a aikin shi ne yadda aka sanya sunayen kayan da harshen Edo, aka kuma haɗa su da bayanan dattawan Benin. Kayan Benin kwasar ganima aka yi musu a 1897, na Suleja kuwa galibi saye aka yi, amma darasin ɗaya ne: abin da ya watsu a duniya ana iya tara bayaninsa wuri guda, cikin harshen masu shi.

Sai dai hoton tulu rabin aiki ne. Ilimin da ya fi fuskantar haɗari shi ne wanda ke hannun mutane. A ina ake haƙo yumɓu mai kyau? Da me ake cuɗa shi don kada ya tsage? Yaya maginiya ke kewaya tukunya tana jan bangonta sama ba tare da injin juyi ba? Wane itace ko ciyawa ake gasawa da su, kuma ta yaya ake gane wuta ta isa? Wannan ba ya cikin akwatin gilashi na kowane gidan tarihi. Yana wurin tsofaffin maginan ƙauyukan Gbagyi da waɗanda suka yi aiki a cibiyar, kuma kullum raguwa suke yi. Bidiyon waya da aka ɗauka a natse, tare da sunan mai magana da garinsa da ranar ɗauka, zai yi wa jikoki amfanin da kuɗi ba zai saya ba.

Garin yana da magabata a wannan hanya. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihi da al'adun Abuja da Hausa, aka fassara aka buga da Turanci a 1952, kuma masana tarihin Zazzau suna dogaro da shi har yau. Da alƙalami suka yi nasu. Na wannan zamani shi ne a ɗauki muryoyin makaɗan fada da kirarin sarakuna, a ɗauki hoton takardun ajami da ke gidajen malamai, a auna abin da ya rage na ganuwa da tsofaffin gine-gine kafin sababbin unguwanni su haɗiye su. Ɗakin karatu na Birtaniya yana da shirin tallafa wa ɗaukar hoton takardun da ke cikin haɗari tun 2004, kuma ƙa'idarsa ita ce ainihin takardun su zauna a ƙasarsu.

Wajibi ne kuma a san cewa na'ura ma tana da rauninta. Waya na ɓata, faifan ajiya na lalacewa, shafin intanet na rufewa idan aka daina biyan kuɗinsa. Ko ɗakin karatun Birtaniya, da duk ƙarfinsa, masu kutse sun durƙusar da ayyukansa na intanet a Oktoban 2023. Don haka masana ke cewa a ajiye kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani gari daban. Haka nan a nemi izinin mai ilimi kafin a ɗauke shi, a rubuta wanda ya mallaki hoton, a kuma mutunta abin da masu shi suka ce ba na bainar jama'a ba ne.

Kira a nan ga masarautar Suleja, gwamnatin Jihar Neja, hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da jami'o'in da ke kusa shi ne su haɗa kai su kafa rumbu guda, da Hausa da Gbagyi da Turanci, su nemi gidajen tarihin waje su ba da kwafin hotunan abin da ke hannunsu. Matasan garin kuma kada su jira wannan zama. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe: duk mai waya da ke da kaka maginiya ko kakan da ya san tarihin unguwarsu, ya je ya gaishe su, ya nemi izini, ya fara ɗauka tun suna da ƙarfin yin bayani.