Yadda ake yi wa leda 'aure' ta kamo uranium daga teku

Leda na cikin kayan masarufin da 'yan kasuwa ke ƙetarawa da su ta iyakar Jibiya zuwa Maraɗi, kuma ba kasafai ake ɗaukarta da daraja ba.

To amma masana kimiyya sun gano hanyar sauya halinta, har ta iya tsamo uranium, wato ma'adinin da ake haƙowa a Arlit ta jamhuriyar Nijar tun 1971.

Dabarar ta yi kama da auren mangwaro, inda ake ɗaura reshen iri mai kyau a jikin wata bishiyar.

Da farko ana haska ledar da hasken gamma, irin wanda sinadarin cobalt-60 ke fitarwa. Hasken kan tsinke wasu mahaɗan ƙwayoyin zarra da ke jikinta, ya bar gurabe a buɗe.

Daga nan sai a tsoma ta cikin sinadarin acrylonitrile, wanda ƙwayoyinsa kan kama a waɗannan gurabe su yi ta tsawo kamar rassa. Sai a sake jiƙa ta da wani sinadarin, domin rassan su riƙa damƙe uranium.

Ledar ba ta ɗaukar tururin nukiliya sakamakon wannan haskawa.

Tsakanin 1999 da 2001, masu bincike a Japan sun nutsar da kilo 350 na zaren roba da aka yi wa wannan aure a tekun Pasifik, daura da lardin Aomori. Cikin kwanaki 240 suka tattara kimanin kilo ɗaya na uranium.

An ƙiyasta cewa ruwan teku na ƙunshe da uranium fiye da tan biliyan 4, sai dai ya tsarma ƙwarai.

Kawo yanzu dai tsamo shi daga teku ya fi haƙo shi daga ƙasa tsada. Amma duk lokacin da kuɗin ya sauka, ƙasashen da ke bakin teku za su iya rage dogaro da masu haƙowa.

Najeriya ma tana da na'urar haska gamma a cibiyar kimiyya ta Sheda, kusa da Abuja.