A Auna Na Gida Kafin A Kai Kasuwa

A ƙasashen Turai mutane kan tara abinci domin lokacin sanyi, sabo da ƙanƙara takan rufe ƙasa, ba shuka ba girbi. A Dirin Daji kuwa, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sakaba cikin ƙasar Zuru, hunturu lokacin ƙoshi ne. Dawa ta shigo gida, Dakarkari suna shirin bikin Uhola, kasuwa ta cika da hatsi, farashi ya faɗi. Lokacin wuya shi ne tsakiyar damina, watau Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero da masara ba su nuna ba, ga aikin noma ya taso. Abincin da za a ci a wannan lokaci tun a Nuwamba da Disamba ake ajiye shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

LISSAFIN GIDA

Abin da ya fi cutar manomi shi ne sayarwa ba tare da lissafi ba. Yakan ga damuna jibge a tsakar gida ya ce ai wannan ba ya ƙarewa. Ya sayar don biki, ya sayar don babur. Kafin watan Yuli sai ga shi a kasuwa yana sayen dawar da ya sayar, da kuɗin da ya fi wanda ya karɓa. In ba kuɗin, ya ci bashi, ko kuwa ya bar gonarsa cikin ciyawa ya tafi ƙwadago gonar wani. Ta haka yunwar bana takan haifi ta baɗi.

Lissafin kuwa ba wuya. Maigida ya tambayi uwargida tiya nawa ake ci kullum, gama ita ta sani. A ce tiya 2 ne. Daga Disamba zuwa Satumba wata 10 ke nan, kwana 300, watau tiya 600. In buhu yana cin tiya 40, gidan yana bukatar buhu 15. Sai a ƙara buhu 2 ko 3 domin baƙi da suna da masu gayya. A ware iri dabam, daga zangarniyar da ta fi kyau. Musulmin da amfaninsa ya kai nisabi ya fitar da zakka, ɗaya cikin goma na abin da ruwan sama ya shayar. Abin da ya saura bayan wannan, shi ne na kasuwa.

Mutanen dā kan bar tsohon hatsi a rumbu har sabo ya tarar da shi. Farin 1973 da na 1984 sun nuna dalilin wannan al'ada, domin damina ba ta da alkawari.

A BUSHE SARAI

Hatsin da aka zuba da ɗanyantaka ya riga ya lalace. Yakan yi zafi, ya yi fumfuna. Wata irin fumfunar masara da gyaɗa takan haifi guba da ake kira aflatoksin, mai ɓata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Sabo da haka a shanya a kan tabarma ko tamfol ko daɓe, kada a kan ƙasa. A tsince ruɓaɓɓu da fasassu a zubar.

Ga hanyar gane bushewa. A sami kwalba busasshiya, a zuba hatsi ya kai sulusinta, a ƙara cokali 2 ko 3 na busasshen gishiri. A toshe, a girgiza, a ajiye kamar minti 15, a sake girgizawa. In gishiri ya manne a jikin kwalba, da sauran ruwa, sai a koma shanya. In bai manne ba, to, a zuba a rumbu.

GYARAN RUMBU

Kafin a zuba sabo, a kwashe ragowar tsoho, a share cikin rumbu ƙal, a ƙone sharar, domin a nan ƙwari ke ɓoye ƙwansu. A liƙe duk wata tsaga da laka. A duba duwatsun gindi ko gara ta yi hanya, a sake jinka in ta tsufa. A nome ciyawar kewaye don kada ɓera ya sami maɓoya, gobara kuma kada ta sami abin bi. Dawa da gero sun fi daɗewa in an bar su a zangarniya, a riƙa ciro dami ana sussuka gwargwadon bukata. Mai ajiya a buhu ya ɗora a kan katako, nesa da bango.

Wani abu kuma, tun wajen 2021 'yan bindiga suka dami ƙauyukan Sakaba da Danko-Wasagu, har wasu gonakin nesa suka gagari zuwa. Kada a bar damuna su daɗe a gona. Wanda ya sami hali ya raba ajiyarsa wuri biyu.

WAKE DA MAGANIN ƘWARI

Wake ya fi kowane abinci saurin hujewa, domin ƙwaron tun daga gona yake biyo shi. Tsofaffi kan cakuɗa shi da toka ko yashi mai laushi cikin tulu su liƙe baki, kuma dabarar tana aiki. Yanzu akwai buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙago, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhu guda. A cika, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam. Ƙwarin da ke ciki sukan shaƙe 'yar iskar da ta rage, sa'an nan su mutu. Jarka ko durom mai murfi ma haka, muddin an cika shi taf. Amma fa in ɓera ya huda leda, ko ana yawan buɗewa, aikin ya ɓaci.

Lalle a guji zuba maganin feshi irin su Sniper a cikin wake. Guba ce, an yi ta don gona. Sabo da irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Abin da baƙo ya ƙi saye bai kamata a ba 'ya'yan gida ba.

KAYAN MIYA

Tuwo ba ya tafiya shi kaɗai. Uwargida ta tanadi kuka da busasshiyar kuɓewa da barkono da kauɗar tumatir da daddawa da man kaɗe. Ganye a shanya shi a inuwa don kada ya koɗe, a zuba a tukunya mai murfi. Gyaɗa ta fi daɗewa cikin ɓawonta.

Akawu da ɗan kasuwa waɗanda ba su da gona, su ma wannan lissafi ya shafe su. Albashin Disamba ya fi na Agusta sayen hatsi. Wanda ya sayi na shekara a kaka, ya adana yadda aka bayyana, zai shiga damina da kwanciyar rai. Allah ya sa a ci da lafiya, ya kai mu ga wata kakar.