Haihuwarmu Ce Ta Ɗumama Duniya?

Ran nan a ajinmu, nan Ingila, wani ɗalibi ya ce yawan haihuwar 'yan Afirka ne ke ɗumama duniya. Sai na tuna Innata a Maraɗi, mai 'ya'ya tara, ko firji ba ta da shi.

Hannun ɗan Adam kam yana ciki, rahoton masanan Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya tabbatar. Amma tushen matsalar ƙona kwal, fetur da gas ne. Afirka kaf kusan kashi 4 cikin 100 na hayaƙin take fitarwa. Na Ba'amurke ɗaya ya ninka na mutumin Nijar sau 100.

Sare itatuwan girki laifinmu ne, mu gyara. Sauran kuwa, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.